Ina Tabutun Bani Isra'ila Ya Shige?

Duk lokacin da rikici ya tashi a Masallacin Ƙudus, akwai maganar da ba ta rasa zagayawa a wayoyin mutane. Wai haƙe-haƙen da ake yi a gefen masallacin, wani akwati ake nema na zamanin Annabi Musa (AS), wanda duk ya same shi duniya ta dawo hannunsa. Wani ya ce ai akwatin yana cikin Tafkin Ɗabariyya, wato Tekun Galili da ke arewa da Ƙudus, sai Mahadi ya bayyana zai fito da shi. Wani ya ce yana Habasha a ɗakin wani coci. Ana faɗin waɗannan maganganu da murya ɗaya kamar daga aya ɗaya aka ciro su, alhali kowacce da inda ta samo asali, kuma nauyinsu ba ɗaya ba ne. Akwatin, wanda ake kira Tabutu, dai gaskiya ne, Alƙur'ani ya ambace shi. Inda yake a yau kuwa, babu aya ko ingantaccen hadisi da ya faɗa, kuma sawunsa a tarihi ya ɗauke kimanin shekara 2,600 da suka wuce.

Labarinsa a Alƙur'ani yana cikin Suratul Baƙara, daga aya ta 246 zuwa ta 251. Bayan Annabi Musa, abokan gaba sun kori Bani Isra'ila daga gidajensu, sun raba su da 'ya'yansu. Sai manyansu suka je wa annabinsu suka ce ya naɗa musu sarki su yi yaƙi. Ya ce Allah ya naɗa musu Ɗalutu. Suka yi tsalle suka dire, suka ce ta yaya zai mulke mu, mu da muka fi shi cancanta, shi da ba a ba shi wadatar dukiya ba? Annabin ya ce Allah ne ya zaɓe shi, ya kuma ƙara masa yalwar ilimi da ta jiki. Sannan ya ba su shaida a aya ta 248: alamar mulkinsa ita ce akwatin zai zo muku, a cikinsa akwai natsuwa daga Ubangijinku, da sauran abin da iyalan Musa da iyalan Haruna suka bari, mala'iku na ɗauke da shi.

Iyakar abin da aka ce ke nan. Daga wannan aya Alƙur'ani bai sake waiwayar akwatin ba. Ya wuce zuwa jarrabawar kogi, inda mafi yawan runduna suka sha ruwa suka faɗi, ya wuce zuwa karon da aka yi da Jalutu. Abin lura, a ranar yaƙin ma ba a ambaci akwatin ba. Abin da aka ambata shi ne addu'ar 'yan kaɗan ɗin da suka tsallake kogin, suna roƙon a zuba musu haƙuri, a tabbatar da dugadugansu. Bukhari ya ruwaito daga Barra'u ɗan Azib cewa sahabbai sun kasance suna cewa adadin mutanen Badar daidai yake da na waɗanda suka tsallake kogi tare da Ɗalutu, wato ɗari uku da goma sha wani abu.

To, daga ina sauran bayanan da muke ji suka fito? Wanda yake zama wajen tafsirin azumi ya san yadda Jalalaini ya fassara ayar: akwati ne da ke ɗauke da surorin annabawa, an saukar wa Annabi Adamu, ya yi ta gangarowa har hannun Bani Isra'ila, suna sa shi gaba a wajen yaƙi, har Amaliƙawa suka ƙwace shi. Ya ce a ciki akwai takalman Annabi Musa da sandarsa, da rawanin Annabi Haruna, da mudun mannu, da ɓaraguzan allunan Attaura. Idan aka buɗe tafsirin Ɗabari, wanda ya rasu a shekara ta 310 bayan Hijira, sai a ga saɓanin ya fi haka yawa, musamman a kan mece ce natsuwar nan, wato sakina. An ce iska ce mai kaɗawa mai fuska irin ta mutum. An ce wata halitta ce mai fikafikai biyu da jela irin ta kyanwa. An ce tasa ce ta zinariya da ake wanke zukatan annabawa a cikinta. Aɗa'u ɗan Abu Rabah ya ce ayoyi ne da suka sani, waɗanda zukatansu ke kwanciya idan sun gan su, kuma wannan Ɗabari ya zaɓa. Yawan saɓanin kansa ya isa ya nuna cewa babu magana yankakkiya daga Manzon Allah (SAW) a kan haka. Da akwai, da ba a rarrabu haka ba.

Littattafan Yahudawa su suka fi tsawaita labarin. A littafin Fitowa an ce an umarci Annabi Musa a jejin Sina'i ya sa a ƙera akwati da itace na dangin bagaruwa, tsawonsa kamu biyu da rabi, faɗinsa da tsayinsa kamu ɗaya da rabi kowanne, wato ya ɗan haura mita ɗaya a tsawo. An dalaye shi da zinariya ciki da waje, murfinsa zinariya zalla, da siffofin kerubobi biyu, wato wani nau'in mala'iku, masu fikafikai suna fuskantar juna a kansa. Yana da zobba huɗu da ake zura sanduna biyu a ɗauke shi a kafaɗa, ba a taɓa shi da hannu. Suna kiransa Akwatin Alkawari, haka kuma Kiristoci Hausawa suke kiransa a Littafi Mai Tsarki.

Akwai wani wuri a littafin Sama'ila na farko da ya cancanci a tsaya a kansa. Filistiyawa sun ci Bani Isra'ila a wani karo, sai dattawa suka ce a je Shilo a ɗauko akwatin ya cece su. Aka kawo shi sansani, aka yi sowa har ƙasa ta amsa. Da aka sake gwabzawa, an yi musu kashin da ya fi na farko, littafin ya ce mutum 30,000 suka faɗi, aka kashe 'ya'yan Eli biyu, babban firist, wato babban limaminsu, aka tafi da akwatin. Eli, tsoho mai shekara 98, yana jin labari ya faɗo daga kujera wuyansa ya karye. Wato ko a littafin masu akwatin, akwatin bai hana a ci su da yaƙi ba ranar da suka ɗauke shi tamkar laya. Wata bakwai ya yi a hannun Filistiyawa. Sun ajiye shi a ɗakin gunkinsu Dagon a Ashdod, da safe suka tarar da gunkin a kife, annoba kuma ta bi garuruwansu. Daga ƙarshe suka ɗora shi a sabon amalanke, suka ɗaura wa shanu biyu masu shayarwa, suka tsare 'yan maruƙansu a gida, don su ga ko shanun za su juya wajen 'ya'yansu. Shanun suka miƙe hanya suna kuka har ƙasar Bani Isra'ila. Wannan labarin shanu ya shigo tafsiranmu ta hanyar Wahbu ɗan Munabbih, sai dai a ruwayarsa mala'iku ne ke kora su. Akwai bambanci guda da ya kamata a sani: a wajen Yahudawa akwatin ya dawo tun kafin a naɗa sarki, ya zauna a garin Kiriyat-yeyarim, Alƙur'ani kuwa ya ɗaure zuwansa da sarautar Ɗalutu, kuma Musulmi abin da Alƙur'ani ya faɗa yake riƙe da shi.

Daga nan Annabi Dawuda (AS) ya kai shi Ƙudus, Annabi Sulaimanu (AS) ya gina Haikali, wato babban ɗakin ibadarsu, a ƙarni na 10 kafin Miladiyya, ya sa shi a ɗaki na can ciki wanda babban firist kaɗai ke shiga, sau ɗaya a shekara. Littafin Sarakuna ya ce a ranar ba komai a cikinsa sai alluna biyu na dutse. Malaman Talmud, babban kundin karatun malaman Yahudawa, daga baya suka ce har da gutsattsarin allunan farko da suka fashe, tulun mannu da sandar Haruna kuwa a gefensa aka ajiye su. Kowa ya ga kamar da ke tsakanin wannan da abin da ke cikin Jalalaini.

Matsalar tana farawa ne bayan an rufe ƙofar wannan ɗaki. Abin da mutum ɗaya ke gani sau ɗaya a shekara, cikin hayaƙin turare, zai iya ɓacewa jama'a ba su sani ba. Kuma Haikalin ya sha wawaso. Fir'auna Shishak na Masar ya kwashe dukiyarsa wajen shekara ta 925 kafin Miladiyya. Yehowash, sarkin masarautar Isra'ila ta arewa, ya fasa ganuwar Ƙudus ya ɗebi zinariya da azurfar Haikali. Sarki Hezekiya da kansa ya ɓamɓare zinariyar ƙofofi ya biya Sennakerib na Assuriya a shekara ta 701. Ɗansa Manassa ya kafa gunki a cikin ɗakin Allah, har wasu masana na zamani suna ganin a lokacin ne aka fitar da akwatin. Ambato na ƙarshe da aka yi masa a matsayin abin da yake nan shi ne a zamanin Sarki Yosiya, wajen shekara ta 622, lokacin da ya ce wa Lawiyawa, masu hidimar Haikali, su sa akwatin a ɗakin da Sulaimanu ya gina, su daina ɗaukarsa a kafaɗa.

Sai Nebukadnezzar na Babila, wanda littattafan Larabawa ke kira Bukhtanassar. Ya zo a shekara ta 597, littafin Sarakuna ya ce ya daddatsa kayan zinariyar da Sulaimanu ya yi. Rundunarsa ta dawo a 586, wasu suna cewa 587, ta ƙone Haikali da fada, ta rushe ganuwa. Marubutan Yahudawa sun jera abin da aka kwashe filla-filla: ginshiƙan tagulla biyu, babban kwatarniyar tagulla, tukwane, cebura, cokula, kwanoni, har almakashin gyara lagwanin fitila. A ƙarshen littafin Irmiya an ƙirga har 'ya'yan rumman na tagulla da aka yi wa ginshiƙi ado da su, aka ce ɗari ne. Wanda ya tsaya ƙirga cebur da cokali bai ce uffan ba a kan abu mafi tsarki a cikin ginin. Ko dai ya tarar babu shi, ko kuwa alƙalaminsa ya kasa rubuta abin da aka yi masa. Irmiya, wanda ya ga rushewar birnin da idonsa, akwai maganarsa a sura ta 3 cewa lokaci na zuwa da ba za a ƙara ambaton akwatin ba, ba zai faɗo wa kowa a rai ba, ba za a yi kewarsa ba, ba kuma za a ƙera wani ba. Irin wannan magana ba a yi wa mutanen da abinsu ke hannunsu.

Bayan Sarki Sairus na Farisa ya ci Babila a 539, ya bar Yahudawa su koma, ya mayar musu da kayan Haikali, littafin Ezra ya ce guda 5,400. Babu akwati a ciki. Haikali na biyu ya yi kusan shekara 600 a tsaye, ɗakinsa na ciki fayau. Mishna, tsohon littafin hukunce-hukuncen Yahudawa, ta ce abin da ke wurin dutse ne da ya ɗara ƙasa da yatsa uku, a kansa babban firist ke ajiye kaskon turare. Janar Pompey na Rum ya kutsa ɗakin a shekara ta 63 kafin Miladiyya, marubucin Rumawa Tacitus ya ce bai tarar da komai ba. Da Titus, jagoran rundunar Rum, ya rushe Haikalin a shekara ta 70 Miladiyya, an sassaƙa ganimarsa a jikin wata ƙofar tunawa da ke birnin Rum har yau: ga alkukin fitila mai rassa bakwai, ga teburi, ga kakaki. Akwatin ba ya ciki, don tun kafin a haifi kakannin Titus ya ɓace.

A wannan giɓin ne amsoshi suka tsiro. A Talmud, cikin babin Yoma, Rabbi Eliyezar ya ce an tafi da shi Babila. Wasu suka ce a'a, a inda yake aka binne shi, kuma Sarki Yosiya ne ya ɓoye shi da ya hango halakar da ke tafe, tare da tulun mannu da man shafewa da sandar Haruna. Mishna ta kawo wani ɗan labari da ya zauna a zukatan Yahudawa. Wani firist yana aiki a ɗakin ajiyar itacen hadaya, sai ya lura wani dutsen daɓe ya bambanta da 'yan'uwansa. Ya je ya fara gaya wa abokinsa, bai kai ƙarshen magana ba rai ya yi halinsa. Daga nan, in ji Mishna, suka tabbata a nan aka ɓoye akwatin. Har an ce wasu gidaje biyu na malamai suna ƙara sunkuyo ɗaya a kan goma sha uku da kowa ke yi a Haikali, suna fuskantar wannan ɗakin itace. Musa ɗan Maimun, babban malaminsu wanda ya yi likitanci a fadar Ayyubawa a Masar ya kuma rasu a 1204, ya rubuta cewa Sulaimanu ya san za a rushe ginin, don haka tun farko ya haƙa maɓoya mai zurfi da lunguna a ƙarƙashinsa. Wannan ita ce fahimtar da ta fi ƙarfi a wajen Yahudawa masu riƙo da addini. Sai dai Ɗan Maimun ya rubuta ta ne fiye da shekara 1,700 bayan faruwar abin.

Akwai wata ruwayar da ta girme ta. Littafin Makabiyawa na biyu, na ƙarni na 2 kafin Miladiyya, wanda Katolika ke karantawa amma Yahudawa ba su sa shi cikin littattafansu masu tsarki ba, ya ce Irmiya ne ya ɗauki akwatin da alfarwa da bagaden turare, ya kai su wani kogo a dutsen da Musa ya hau ya hango ƙasar alkawari, wato Dutsen Nebo da ke Jodan a yau, ya toshe bakin kogon. Wasu suka bi shi don su sa alama a hanya, suka kasa gane ta, ya tsawata musu ya ce wurin zai zauna a ɓoye har ranar da Allah zai tattara mutanensa. Samariyawa kuma, wata al'umma mai bin Attaura da ta saɓa da Yahudawa, suka ce kayan tsarki suna Dutsen Gerizim kusa da Nablus. Josephus, marubucin tarihin Yahudawa, ya ba da labarin wani mutum da ya tara su wajen shekara ta 36 Miladiyya ya ce zai tono musu kayan, Bilatus, gwamnan Rumawa, ya aika dakaru aka karkashe su.

Abin da ya haɗa waɗannan ruwayoyi shi ne, ban da ta Babila, duk sun ƙi yarda cewa hannun maƙiyi ya taɓa akwatin, kuma duk sun ɗage fitowarsa zuwa ƙarshen zamani. Ina ganin wannan a fili yake, kuma ba abin raini ba ne. Al'ummar da aka ƙone mata wurin ibada aka kore ta daga ƙasarta tana bukatar ta ji cewa alkawarin da ke tsakaninta da Allah bai ƙone tare da ginin ba.

Ruwayoyin da ke cikin littattafan Musulmi a kan inda yake, tsari ɗaya suka bi. Bagawi ya kawo a tafsirinsa, yana jingina wa Ibnu Abbas, cewa akwatin da sandar Musa suna cikin Tafkin Ɗabariyya kuma za su fito kafin tashin ƙiyama. Nu'aimu ɗan Hammad, a littafinsa Alfitan, ya kawo cewa a hannun Mahadi akwatin zai fito daga wannan tafki, a ɗauke shi a ajiye a gabansa a Baitul Maƙdis, idan Yahudawa suka gan shi su musulunta sai 'yan kaɗan. A cikin littafin dai akwai wata ruwayar da ta ce daga wani kogo a Anɗakiya zai fito da shi, garin da ke kudancin Turkiyya a yau, kuma maganganun Anɗakiya suna komawa ne ga Ka'abul Ahbar. Suyuɗi ya tattara irinsu a ɗan littafinsa na labaran Mahadi, daga nan suka yi ta yaɗuwa.

Ya kamata a yi wa Nu'aimu adalci. Malamin Bukhari ne, kuma a kurkuku ya rasu a shekara ta 228 bayan Hijira saboda ya ƙi cewa Alƙur'ani halitta ne. Amma gwarzantaka a aƙida daban, ingancin ruwaya daban. Zahabi ya faɗa ƙarara cewa ya zo da abubuwan mamaki da munkarai a littafin Alfitan. Ka'abu kuwa malamin Yahudawa ne daga Yaman da ya musulunta bayan wafatin Annabi (SAW), abin da ya sani daga littattafan mutanensa na da yake ba da labari. Hadisan Mahadi da ke cikin Abu Dawuda da Tirmizi da Ibnu Majah ba su ambaci akwati ba. Tafkin Ɗabariyya ya zo a Sahihu Muslim, a hadisin Tamimud Dari inda Dujal ke tambaya ko da sauran ruwa a cikinsa, da hadisin da ya ce Yajuju da Majuju za su shanye shi. A duka biyun babu zancen akwati. Ina zaton shaharar tafkin a waɗannan ingantattun hadisai ce ta sa mutane ke ɗauka zancen akwatin ma daga cikinsu yake.

Su kansu garuruwan biyu suna nuna inda zancen ya fito. Ɗabariyya ita ce cibiyar malaman Yahudawa bayan an kore su daga Ƙudus, kuma a Talmud akwai maganar cewa daga can fansarsu za ta fara. Anɗakiya kuwa ba a ma kafa ta ba sai wajen shekara ta 300 kafin Miladiyya, kusan ƙarni uku bayan ɓacewar akwatin. Amma wani marubucin garin na ƙarni na 6, Yahaya Malalas, ya ce Rumawa sun kafa kerubobin da suka ciro daga Haikali a bakin ƙofar birnin. Ke nan tun kafin Musulunci mutanen wurin suna danganta garinsu da kayan Haikali. Ƙa'idar malamai a kan irin waɗannan labarai sananniya ce, Ibnu Kasir ya shimfiɗa ta a gabatarwar tafsirinsa: abin da ya dace da namu a karɓa, abin da ya saɓa a watsar, abin da aka yi shiru a kansa ba a gaskata shi ba a ƙaryata shi, ana iya ba da labarinsa amma ba a gina aƙida a kansa. Zancen Ɗabariyya da Anɗakiya, in an yi masa sassauci, a kashi na uku yake.

Akwatin ya shiga siyasar Musulmi ma tun da wuri, domin ayar ta ɗaure shi da halaccin mulki. Ɗabari ya kawo a littafinsa na tarihi cewa Mukhtar Assaƙafi, da ya karɓe Kufa a shekara ta 66 bayan Hijira, ya samo wata tsohuwar kujera da aka ce ta Sayyidina Ali ce, aka lulluɓe ta da alharini, ya ce wa mutanensa matsayinta a cikinsu kamar na akwatin ne a cikin Bani Isra'ila. Aka ɗora ta a kan alfadari aka fita da ita yaƙi, mutanen kirki na garin suna Allah wadai. A littafin Alkafi na 'yan Shi'a an ruwaito daga Ja'afarus Sadiƙ cewa makaman Annabi a wajensu kamar akwatin ne, duk inda suke nan shugabanci yake. Mutanen Kano ba za su ji wannan baƙo ba, don tarihin garin ya adana labarin Dirki, Alƙur'anin da aka naɗe cikin fatu ana yi masa yanka ana ganin shi ke riƙe da sarauta, har Sarki Alwali ya sa aka fasa shi. Alhali sakinar da ayar ta ambata ta zo a wasu wurare biyar a Alƙur'ani, biyu a Tauba uku a Fatahi, a kogon Sauru da Hunaini da Hudaibiyya, kuma a dukkansu kai tsaye aka saukar da ita a kan Annabi da muminai.

Da'awar Habasha ita ce kaɗai mai cewa ga shi nan a ɗaki kaza. Littafin Kebra Nagast, wanda aka harhaɗa a farkon ƙarni na 14, ya ce Sarauniyar Saba ta haifa wa Sulaimanu ɗa mai suna Menelik, ya girma ya ziyarci mahaifinsa, da zai dawo 'ya'yan manyan Ƙudus da aka haɗa shi da su suka sato akwatin suka bar na bogi a madadinsa. Cocin Orthodox na Habasha ya yi imani yana birnin Aksum, a wani ƙaramin gini kusa da Cocin Maryamu ta Sihiyona, inda mai tsaro ɗaya ke zaune har mutuwarsa, kuma ba a barin kowa ya gani. Imanin nan ba na wasa ba ne. Kowane coci a ƙasar yana da allon da ke wakiltar akwatin, ana fitowa da su a lulluɓe a kan firistoci ranar bikin Timkat a watan Janairu. Guda 11 da sojojin Ingila suka kwaso daga Maƙdala a 1868 suna gidan tarihi na Birtaniya, kuma ba a baje su ga masu kallo. Amma littafin ya fito ne jim kaɗan bayan wani gidan sarauta ya karɓi mulki a 1270 yana da'awar jinin Sulaimanu, kuma labarin ya yi masa amfani har faɗuwar Haile Selassie a 1974. Masarautar Aksum ta taso ne kusan shekara dubu bayan Sulaimanu. Farfesa Edward Ullendorff, masanin harsunan Habasha, ya faɗa a 1992 cewa ya ga abin a 1941, akwatin katako ne wayam, ƙirar zamanin baya-bayan nan. Sahabbai ma sun zauna a wannan ƙasa shekaru a ƙarƙashin Najjashi. Ummu Salama da Ummu Habiba sun ba Annabi labarin wani coci da suka gani can mai suna Mariya da hotunan da ke cikinsa, kamar yadda Bukhari ya kawo, ba su kawo zancen akwatin Musa ba.

Idan aka auna komai, abin da ya fi kusa da hankali shi ne mafi ɗaci. Akwati ne na itace da aka dalaye da zinariya, a cikin ginin da aka wawashe sau da yawa sannan aka cinna masa wuta, a hannun rundunar da aka san tana daddatsa kayan zinariya. Wani tsohon littafin Yahudawa da ake jingina wa Ezra, na bayan rushewar Haikali na biyu, ya lissafa shi cikin abin da aka washe. Allah mai iko ne ya tsare shi a ƙarƙashin tafki ko cikin kogo, babu Musulmin da ke shakkar haka. Amma ikon Allah a kan abu ba shi ne hujjar cewa ya yi shi ba, sai in ya ba da labari, kuma bai ba mu ba.

Da a littafi zancen ya tsaya, da da sauƙi. A 1909 wani hafsan sojan Ingila, Montagu Parker, ya iso Ƙudus da kuɗin attajirai, bisa maganar wani ɗan Finland mai suna Valter Juvelius da ya ce ya gano wani sirrin lissafi a littafin Ezekiyel mai nuna maɓoyar. Sun yi ta haƙa a wajen Silwan, unguwar da ke kudu da masallacin, ba su sami komai ba. A watan Afrilun 1911 suka ba masu kula da Harami, wato harabar Masallacin Ƙudus, toshiyar baki, suka sa kayan Larabawa, suna shiga da dare suna tono har a ƙarƙashin Ƙubbatus Sakhra, ƙubbar da aka gina a kan dutsen da ke tsakiyar harabar. Wani ma'aikacin masallaci ya gan su ya fita yana kururuwa. Lokacin bikin Annabi Musa ne, gari cike da baƙi, nan da nan ya ɗauki zafi. Parker da mutanensa suka ranta a na kare zuwa Yafa suka shiga jirgin ruwansu, gwamnatin Usmaniyya ta kafa kwamitin bincike, gwamnan Ƙudus ya rasa kujerarsa. A 1981 kuma, malamin Yahudawa mai kula da Bangon Yamma na Haramin, inda Yahudawa ke addu'a, Yehuda Getz, ya fasa wata tsohuwar ƙofa ta ƙarƙashin ƙasa da ake kira Ƙofar Warren, ya fara kwashe ƙasa ta wajen da ke fuskantar Ƙubba, da goyon bayan babban malami Shlomo Goren. Ma'aikatan Waƙafi, hukumar Musulmi mai kula da masallacin, suka gano, aka yi dambe a cikin ramin, gwamnatin Isra'ila ta sa aka toshe ƙofar da kankare. A Satumban 1996, buɗe wata mafita kawai ga ramin da ke bin gefen bangon ya jawo faɗan da ya ci rayuka kusan 80.

Majalisar manyan malaman Yahudawa ta Isra'ila tun 1967 take cewa haramun ne Bayahude ya taka filin Haramin, saboda rashin tsarkin da shiga wurin ke bukata, kuma mafi yawan masu imani cewa akwatin na ƙasa suna ganin ba aikin mutum ba ne ya tono shi. Amma akwai 'yan tsiraru da ƙarfinsu ke ƙaruwa, irin su Cibiyar Haikali da aka kafa a 1987, wadda ta riga ta ƙera kayan hidimar Haikali na uku, kuma take koyar da cewa akwatin na nan a ƙarƙashin dutsen yana jira. Masu irin wannan ra'ayi yanzu sun kai ga kujerun minista, suna hawa filin da rakiyar 'yan sanda. Shi ya sa yake damuna idan na ji Musulmi yana yaɗa cewa lallai akwatin na ƙarƙashin Masallacin Aƙsa. Wannan magana ba ta cikin Alƙur'ani, ba ta cikin hadisi, ba ta ma cikin raunanan ruwayoyin Nu'aimu, waɗanda suka nuna Ɗabariyya da Anɗakiya. Daga Talmud da Ɗan Maimun ta fito, kuma ita ce hujjar da Parker da Getz suka riƙe lokacin da suka sa diga a ƙarƙashin masallacin.